Yaya Li-chu da Kwamfutar Cikin Kwamfuta

Ranar da guguwa ta wuce garin Shetou, gari ya waye da yayyafi, iska na ta kaɗa kwanon rufi. Sau uku wuta tana ɗaukewa kafin hantsi. Da wutar ta dawo ta zauna, Hsiao Li-chu ta kunna kwamfutar masaƙarta, abu ya ƙi.

Shekarunta sittin da uku, arba'in daga ciki a gaban injin saƙa safa ta yi su. Zanen safa ɗari huɗu da marigayi mijinta ya fitar, duk suna cikin wata tsohuwar manhaja da kwamfutocin yanzu ba sa karɓa. Shi ya sa aka gina mata wata kwamfutar a cikin sabuwar, kamar ɗaki cikin ɗaki, aka zuba su. In ɗakin nan bai buɗu ba, zanen ya tafi, injuna shida sun tsaya.

To, ranar sai kwamfutar cikin ta cije a hoton farko, ɗan zobe yana ta juyawa.

Ƙaninta A-kun ya leƙo, ya ɗauki koriyar ledar ƙwalamar da ke kan kwamfutar, irin wadda mutanen garin kan ɗora wa na'ura wai don ta yi ladabi.

"Yaya, ga matsalar nan. Wa'adinta ya wuce tun watan jiya."

"Ka dai ce yunwa kake ji. Cinye, ka ba ni wuri."

"A kira mai gyara mana."

"Ruwa ya shanye gada. Ta sama zai zo?"

Ta jawo ɗan littafin da ta cika a ajin koyon kwamfuta na tsofaffi. Ta sake kunnawa, ta yi wuf ta danne maɓalli, ta ƙara lamba uku a ƙarshen wani dogon layi, don kwamfutar ta tashi ba hoto, sai rubutu. Allo ya yi baƙi ƙirin, fararen rubutu suka shiga gudu.

"Shi ke nan, kin ƙarasa ta."

"Yi shiru, sarkin tsoro. Yanzu ne ma take magana."

Ba ta jin Turanci, sai ta riƙa bin layukan da yatsa tana gwadawa da littafin, kamar mai neman zaren da ya tsinke. Can ta gano shi: ma'ajiya ce ta cika maƙil da tarin rahoton kuskure, hoto ya rasa wurin sa ƙafa. Ta share, ta rubuta umarni guda.

Sai ga hoto ya taso, ga zanen nan a jere, ko ɗaya bai ɓata ba. Ta daki tebur har shayi ya zube, tana dariya tana jijjiga A-kun.

Tun ranar ta saita kwamfutar ta riƙa tashi da baƙin allo, sai ta karanta ta gamsu sannan ta kira hoto da kanta.

Tana nan a Shetou, a bayan tashar jirgin ƙasa, injunanta shida suna aiki. Masaƙu uku na layinsu ita suke kira in tasu ta cije.