Gwajin da Muka Ce na Matan Aure Ne

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da na raka ƙanwata asibiti a Bagudo ba. Wata da watanni tana zubar da jini, muna ta jiƙe-jiƙe a garinmu Zagga, sai da ta kasa ɗaukar tulu muka hau mota.

Ba ta taɓa aure ba. Tana da shekara ashirin da wani abu aka yi mata baiko da wani mai fataucin hatsi zuwa Benin. Ya ƙetare iyaka bai dawo ba, ita kuma ta zauna jinyar Inna. Shi ya sa shekarar da aka zo da gwajin bakin mahaifa garinmu ta ce, "Yaya, wanga na matan aure ne." Na ce gaskiya ne. Duk muka ce gaskiya ne.

A asibitin, ina kan benci ina jan carbi. Da aka kira ni ciki, ma'aikaciyar jinya ta ce suna zargin ciwon dajin bakin mahaifa ne, kuma ƙwayar cutar da ke kawo shi ta hanyar kusantar namiji ake ɗauka. Na dubi ƙanwata. Har yau ina jin nauyin kallon nan.

"Wallahi, Yaya, mai fataucin nan bai taɓa sanina ba," ta ce. "Tsarance ne kawai, wasan saurayi da budurwa irin wanda kowa ya sani. Mun tsaya inda aka ce a tsaya."

Ma'aikaciyar ta dafa ta. "Na yarda da ke, 'yar'uwa. Ƙwayar nan ba sai an sadu ba. Fatar wurin ta goga fatar wurin, ta isa. Ga yawancin mutane takan wuce da kanta, ga wasu takan kwanta shekaru ba ciwo. Gwaji ke kama ta da wuri."

"To yanzu fa?" na tambaya.

Ta ce za su tura mu babban asibiti.

Ƙanwata ba ta ga girbin baɗi ba. Allah Ya jiƙanta.

Abin da na koya shi ne, iyakar da muka shata don tsare mutunci, cuta ba ta san da ita ba. Da aka dawo da gwajin, ni na shiga gida-gida. Wadda ta ce ba ta da aure, sai in ce, "Ɗauko mayafinki, ni zan raka ki."