Dutsen taimamar Baba

Ina tsaye a gare, wato tashar mota ta Adjamé, jiya, na ga wani dattijo mai fataucin goro ya ciro dutse daga jaka zai yi taimama. Sai na kasa gaba.

Waɗanda suka san ni sun san haukata ta tara duwatsu. Shekaru nake neman alanit, ma'adinin nan mai ɗauke da ƙarafa masu wuyar samu. Ga shi a hannun tsoho: baƙin ɗigo mai ƙyalli kamar kwalta a jikin farin dutse, jan tsatsa ya zagaye shi. Wannan zoben ne shaidarsa.

Na jira ya idar da salla, na durƙusa.

"Baba, ku sayar mini da shi, zan kawo muku wani."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, tun kafin a haife ka yake bina hanya. Dubi yadda tafina ya cinye shi. Ka taɓa ganin an sayar da abokin tafiya?"

Kunya ta kama ni, amma ban tashi ba. Na ce to a ina ya tsince shi?

"Bayan Ferké, inda motarmu ta lalace. Akwai wani fasasshen dutse daura da gada."

Wace gada? Ya ce ya manta.

Wallahi yanzu haka tikitina na zuwa Ferké na aljihu, gudumata na jaka. Gada ai ba ta gudu, ɗaya bayan ɗaya zan bi su.

Direbobin hanyar arewa, wa ya san wurin nan?