Gaba Goma Sha Biyu a Numfashi Ɗaya

Duk garin Dahab da ke bakin teku a Masar an san Farraj ɗan Auda ba ya goya tulun iska in zai nutsa. Numfashi ɗaya yake ja, ya rungumi kyamararsa ya sauka. Masu tulu suna yi masa dariya, shi kuwa ya ce kumfar da suke fitarwa ce ke tarwatsa ƙandil, halittar nan mai kama da laima da ke shawagi a teku, jikinta garai-garai. Shekara goma sha huɗu ita yake ɗauka a hoto.

Hotunansa har Alkahira sun je, an rataya su a babban zaure. Mutum ɗaya ne ya ƙi ko ɗaga ido ya kalla, wato babansa. Tsoho Auda masunci ne, a wurin masunci kuwa ƙandil annoba ce, ta cika taru, ta harbi hannu, ba a ci ba a sayarwa.

"Na koya maka nutso don ka kawo kifi," in ji shi, "ka ɓige da ɗaukar hoton majina."

Maganar nan ta daɗe tana cin Farraj. Ga idon tsohon kullum sai dushewa yake, likita ya ce ba zai dawo ba. In bai gani bana ba, shi ke nan.

Sai Farraj ya sa aka buga masa hoto guda, girman ƙofar ɗaki, ya ɗauko a ka bayan la'asar, ya jingina shi a bangon wurin shan shayi inda tsofaffin masunta ke zama.

"Auda, tashi ga surukarka an kawo," in ji Hamdan, abokin tsohon. Aka bushe da dariya.

Auda ya miƙe da niyyar faɗa, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa hoton. Ƙandil ɗaya ce, rana ta ratsa ta daga sama, ƙananan kifaye sun fake a ƙarƙashinta. Ya daɗe a tsaye yana kallo.

"Daga ƙasa ka ɗauka," in ji tsohon.

"Daga ƙasa, Baba."

"Zurfin gaba nawa?"

"Goma sha biyu."

Auda ya bi hoton da yatsa daga gefe zuwa gefe. "Babu kumfa ko ɗaya. Kuma ka jira har ta zo saitin rana."

"Na jira."

Auda ya juya wajen abokansa. "Gaba goma sha biyu a numfashi ɗaya, hannu bai yi rawa ba. Kai Hamdan mai baki, ka taɓa wuce bakwai? Ni kaina a goma na tsaya."

Daɗi ya cika Farraj har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ɗauko ta mu je gida," in ji tsohon. "Ka jingina ta inda nake zama da hantsi, a nan ne nake ɗan gani."