Mangwaro a gonar aro

Shekarun baya, ina ajin farko na sakandare, wasu ɗaliban lauya daga wata jami'a a Kano suka fara zuwa makarantarmu duk Asabar. Koyon aiki suke yi. Sukan jera benci a ajinmu, mai matsala ya zo ya faɗa, su ba shi shawara kyauta, malaminsu na zaune a baya yana saurare. A garinmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, ƙananan lauyoyi ake ce musu, kuma da fari masu leƙe ta taga sun fi masu shiga yawa. Ina cikin masu leƙen.

A lokacin mahaifiyata na da damuwar da ba ta faɗa wa kowa. Tana da gona a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, gadon mahaifinta. Mahaifina direba ne, ba ya noma, sai ta ba ɗan baffanta aro, wanda muke kira Kawu. A wurinmu mai aron gona yakan kai wa mai ita kwandon tumatir a ɗiban farko. Ba haya ba ce, alama ce kawai cewa ya san mai gonar. Kuma ba a dasa itace a gonar aro, don itace na nufin zama. To kwando ya daina zuwa. Rannan na bi ta wurin, na ga dashen mangwaro a gefen gonar, an kewaye su da ƙaya saboda awaki. Da na gaya wa Inna, ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba.

"Kin cika gani," ta ce.

Amma ranar Asabar ta yafa mayafi ta ce in raka ta makarantarmu.

Wata doguwar ɗaliba mai tabarau aka ba mu. Baƙin takalminta ya sha jar ƙasa. Ta saurari Inna har ƙarshe.

"Mama, akwai takarda tsakaninku?"

"Takardar me, 'yar nan? Yayana ne fa."

"To wa ya san aro ne?"

"Mahaifina ya sani, ya rasu. Sai Allah."

Ɗalibar ta waiwayi malaminta. Shi kuwa ya ɗaga kai yana kallon rufin aji kamar yau ya fara ganin kwano. Ta juyo ta ce, "Kwandon nan, ku kaɗai kuke cinyewa?"

Inna ta yi dariya. "Kwando guda? Ai ruɓewa zai yi. Maƙwabta nake raba wa. Ga ma 'yar aiken nan."

Ɗalibar ta dube ni ta tambayi abin da nakan ce idan na kai. Na amsa, amma ko ni ban ji muryata ba. Sai da Inna ta zungure ni na maimaita: "In ji Inna, na gonarta ne." Nan take ta rubuta, ta nemi sunayen gidajen da nake kaiwa.

A zauren mai unguwa aka zauna sulhu. Maza na kan tabarma, mu mata muna daga bakin ƙofa. Da aka ba ɗalibar dama, sai ta miƙe tsaye kamar yadda aka koya musu, kowa ya ɗaga kai yana kallonta. Ta nuna Kawu ta ce, "Wanda ake ƙara..."

"Au, ƙarata kika kai?" Kawu ya juyo wajen Inna. "Har da lauya? Ni?"

"Wallahi Yaya ban yi ƙararka ba," in ji Inna.

Kawu ya fara laluben takalminsa. Malamin ya yi gyaran murya. Ɗalibar ta durƙusa, ta ce, "Baba, a yi haƙuri, bakina ne ya kuskure. Ba kotu muka zo ba." Mai unguwa ya ce a zauna, aka zauna.

Kawu ya ce kakana ne ya bar masa gonar kafin rasuwarsa, kwando kuwa zumunci ne kawai. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita dai shekara da shekaru tana miya da tumatirin, kuma da sunan gonar Inna ake kawo mata. Sauran matan suka ce haka ne. Ɗalibar, har yanzu a durƙushe, ta ce a hankali, "Baba, sauran 'yan'uwa ma kana kai musu kwandon zumuncin?"

Kawu ya kau da kai. Mai unguwa ya maimaita tambayar.

"Ita kaɗai," in ji Kawu.

Aka tsayar gona ta Inna ce. Ta ce ya ci gaba da nomanta kamar da, ita ba korarsa ta zo yi ba. Ya ce ta riƙe abarta. Da ya gama ɗiban tumatirinsa ya tuge dashensa ya tafi da su.

Ban sake ganin ɗalibar ba, don zangonsu ya ƙare, wasu suka maye gurbinsu. A da na ɗauka idan aka ba mutum gaskiya, murna zai dawo gida yana yi. Inna ba ta yi ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi nadama ba. Yanzu ƙaninta ke noma mata albasa a gonar. Kawu bai ƙara shiga gidanmu ba, ko da salla. Idan ya gan mu a hanya yakan ɗaga hannu daga kan babur ba tare da ya rage gudu ba. Inna takan tsaya ta amsa da baki, har da tambayar mutanen gida, alhali ya riga ya wuce.