Ramin Kakana Na Biyu

Shekarun baya, lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, kullum da yamma nakan hau kekena daga ƙauyenmu na wajen Bunkure in bi gefen kanal ɗin ruwan noman rani har Kura. A hanyar akwai wata tsohuwar kuka, a gindinta kuma ramukan rini guda biyar a jere. Su kaɗai suka rage daga tsohon garinmu, wanda aka tasa lokacin haƙa kanal. In ka leƙa ciki, bangon yana nan da shuɗin baba.

Mahaifiyata ta sha gaya mini, “Na biyun nan na kakanka ne. Hannunsa bai taɓa fari ba har ya koma ga Allah.”

Wata rana a majalisa, abokina da ya karɓi gonar gefen kukar ya ce, “Wai ramukan nan na waye? Ko masu baƙin hannun duk sun ƙare?” Aka yi dariya. Ni ma na yi. Kunya ta hana ni cewa jikan marini ne zaune kusa da shi, muna cin rake ɗaya. Mutane suna yabona da haƙuri, to ran nan haƙurin ne ya cuce ni.

Bayan sati biyu, kasuwar tumatir ta faɗi, kowa na neman filin shanya. Ina tafe a keke sai na hango abokin nawa da leburori da baro, suna zuba ƙasa a ramukan. Ban san sanda na yar da keken ba, littafina ya faɗa taɓo.

Na ce, “Kai! Gadon ubanka ne?”

Ya ce, “Ikon Allah! Yau kai ne da zagi? Mutumina, a gabanka na tambaya, kana dariya. Akuyata ta karye a ciki, ga tumatir yana ruɓewa.”

Na fizge shebur daga hannun lebura. Na ƙirga daga bakin hanya, ɗaya, biyu, na tsaya a kai na ce duk wanda ya ƙara zuba ƙasa a nan sai dai ya binne mu tare. Abokina ya ce, “Riƙe ramin naka, sarkin marina.” Suka cike huɗu, suka daddaɓe. Ni kuwa kwana uku ina kwashe ƙasar da ta riga ta shiga, aji ma ban je ba.

Da na gama, na goyo mahaifiyata a keke, ina ta hura hanci. Ta sauka, ta dubi ramin, ta dubi kukar. Sai ta taka a hankali zuwa inda aka baza tumatir, ta tsaya.

Ta ce, “Ɗan nan, daga kuka ake ƙirgawa. Lokacin ai babu hanyar nan.”

Ramin wani na ceto. Na kakana yana ƙarƙashin shanya, an daɓe shi kamar tsakar gida. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi in mayar da ita gida.

Ni da abokina mun shirya tuntuni, har biki muna zuwar wa juna. Amma har yau in na wuce wurin sai abin ya dawo mini sabo. Ina jin haushinsa, ya rasa filin shanya sai kan tarihin gari. Na fi jin haushin kaina: shekara da shekaru ina wucewa ban taɓa cewa mahaifiyata ta zo ta nuna mini da yatsa ba, ranar da aka tambaya kuma na yi dariya.

Abu na farko da na rubuta da hannuna, ba wanda ya kama mini biro, shi ne: “Kakana marini ne. Raminsa na biyu daga kuka.” Ramin da na ceto kuwa har gobe ina share shi. Ban san mai shi ba, amma shi ma kakan wani ne.