Hannun Kawu a Aljihu

Jiya firjina ya ɗan ja ni, sai Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya faɗo mini a rai. Gyaran wutar lantarki yake yi a unguwarmu ta Nima, kuma ba ya kama waya sai hannunsa na hagu yana cikin aljihu. Mutane suna cewa yanga ce.

Wata ranar damina ruwa ya cika mana tsakar gida. Na taka ba takalmi zan ɗauko wa wata mata sobolo, wato zoɓo. Ina kama murfin firji hannuna ya maƙale, ihu ya ƙi fita. Kawu bai taɓa ni ba. Da gudu ya je ya kashe wutar gidan, sannan ya ɗago ni, rigarsa tana warin ƙonanniyar roba.

"'Yata, wuta ta waya ɗaya take zuwa, ta ɗaya take komawa," ya ce. "In ta samu jiƙaƙƙiyar ƙafa, ta jikinki za ta bi zuwa ƙasa. Ni ma hannun nan nake ɓoyewa don kada ta ratsa ƙirjina."

Ran nan kam hannayensa biyu duk a waje suke, suna riƙe da ni.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa da hasken da ba a ɗaukewa.