Hannun da bai kai kunne ba

Shekarun baya, cikin farin nan da ya ƙarar da raƙuman mutane, bayan soja sun karɓi mulki da kaɗan, wani abu ya same ni a filin lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu, nan Agadas. Ni ban san baƙi ba. Jikata ce ke rubutawa, ina faɗa mata. Na ce in ta ga na tsaya ta ɗan jira ni, don tun rasuwar maigidana hawaye ba ya neman iznina.

A wancan lokaci yara kaɗan ne ke da takardar haihuwa. Ranar ɗaukar sababbin 'yan lakwal, yaro zai ɗora hannun dama bisa kansa ya kamo kunnen hagu. In ya taɓa, an ce ya kai shekara bakwai, a rubuta shi. In bai taɓa ba, sai baɗi. Da can ɓoye yara ake yi kada a kai su. Fari ya juya al'amarin, domin an buɗe kantin, inda ake ba 'yan lakwal tuwon jar dawa da tsakar rana, wani lokaci har da madara. Wanda aka rubuta ya samu abin sawa a ciki kullum.

Shekara guda kafin abin da zan ba ku labari, na kai babbar 'yata. Ta rame, kai ya yi mata girma, hannu kamar sillen kara. Ta miƙa, ta miƙa, har da karkata wuya. Saura kamar faɗin yatsa biyu. Mushe, wato malamin da ke rubutawa, saurayi ne daga kudu, ya ce, "Sai baɗi, in Allah ya kai mu." Na san ta cika bakwai, ni na haife ta. Amma na yi shiru. Wace ce ni da zan yi musu da mai riƙe da biro? Ba ta ga baɗin ba. Ƙyanda ta shigo da bazara, ta tarar da jikin da ba komai a ciki. Ban ce tuwon kantin yana tsare ajali ba, Allah ya gafarta mini. Amma zuciya ba ta jin wa'azi kullum.

Maigidana ɗan ayari ne, yana zuwa ɗauko gishiri tare da wani amininsa Buzu. Da dabbobi suka mutu, aminin ya tafi arewa neman aiki, ya bar mana matarsa da 'yarsu. Suka kafa bukkar tabarmi a tsakar gidanmu. Matar ba ta jin Hausa ko ta "zo in kashe ki", ni kuma ina da Buzancin kasuwa, da shi muke lallaɓawa.

Ana gobe za a ɗauki yara, da la'asar, mushe ya zo zauren gidanmu. Tun da ya zo mana ta'aziyya yake leƙowa, amma bai taɓa iya haɗa ido da ni ba. Ina daga ciki ina jin su.

"Maigida, gobe wani sarjan na soja zai zauna kusa da ni," in ji shi. "An ce akwai masu cusa sunayen jarirai don su karkatar da abinci. Wani darakta yana tsare a kan haka. Ko takarda, ko kunne, babu na uku. Ni kuwa na zaga wajen mutanen daji da suka sauka bayan gari, na duba yaransu. Yawancinsu hannun ba zai kai ba. 'Yan gari za su cika aji, waɗanda suka fi yunwa su koma. Ban san yadda zan yi ba."

Maigidana ya ce Allah ya kawo mafita. Da baƙo ya tafi ya shigo ya ce mini, "Ke za ki raka matar aminina da 'yarta gobe, ki yi tafinta. Tafinta kawai. Kada ki ƙara ko kalma, kin ji? Lokacin ba na magana ba ne."

Kafin magariba na kira yarinyar na gwada ta. Bai kai ba. Sai na hau jan hannun, ina murzawa ina ja, kamar baduku da fata, wai ni mai dabara zan ƙara mata tsawo kafin safiya. Ta daure, ta daure, can ta ɓare baki da kuka. A nan na gani: giɓi a sama, a ƙasa kuma manyan haƙora biyu sun riga sun fito, bakinsu kamar zarto. Na saki hannun. Giɓin 'yata ke nan sak, ranar da aka ce mata sai baɗi.

Da safe muka tarar da layi har bakin hanya. An ajiye tebur a inuwar bishiyar bedi, mushe da babban kaye na rubuta sunaye a gabansa, sarjan a gefensa, soja biyu a tsaye da bindiga. Wanda ya taɓa kunne ya shige aji. Wanda bai taɓa ba a nuna masa jikin katanga. Kafin rana ta ɗaga, jikin katanga ya cika da yaran mutanen daji, iyayensu mata sun ja mayafi sun rufe baki. Wasu har sun fara jan yaransu suna tafiya.

Layi ya zo kanmu. Na faɗa wa yarinyar abin da za ta yi. Ta ɗora hannu, yatsun suka tsaya a saman kunne, ba su sauka ba. Na dubi mushe. Ya buɗe baki, na san kalmar da za ta fito, na taɓa jin ta.

"Ta kai," na ce.

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga kowa ya juyo.

Sarjan ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ce uwarta?"

"A'a, ranka ya daɗe. Tafinta ce."

"To tafinta ba ta da bakin kanta. Matsa."

Ƙafafuna sun so su bi umarni, wallahi sun so. Bakina ne ya ƙi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mijina ɗan ayari ne. Ban taɓa ganin ya tambayi raƙumi takarda ba, ban kuma ga ya auna masa wuya ba. Baki yake buɗewa. Yunwa tana cin nama, tana hana tsawo, amma ba ta hana yaro famfara. A dubi haƙoranta."

Ɗaya daga cikin sojan ya fara dariya, ya ga fuskar sarjan, ya haɗiye ta.

"Baiwar Allah, kin san inda masu ƙarya a kan abincin gwamnati ke kwana?"

"Na sani."

"Kina da yara a gida?"

"Saura ɗaya," na ce.

Sai mushe ya miƙe tsaye. Muryarsa ta yi siriri kamar ta yaro. "Sarjan, in ƙarya ce, da ni za a tafi, ba da ita ba. Ni ke rubutawa. Ina roƙo a duba."

Sarjan ya ce, "Ta buɗe."

Yarinya kuwa ta datse baki. Na lallaɓa da Buzanci, ta ƙi. Uwarta ta yi mata magana, ta ƙi, idonta na kan bindiga. Ina da dabino guda ɗaya ƙulle a bakin zane, na kwance na ba ta, don in ta ciza a gani. Ta karɓa ta dunƙule a hannu, ta ajiye wa uwarta. Dabara ta biyu ta rushe. Na ce a raina, shi ke nan, na kai kaina gidan kaso, na kai mushe, ga jaririna a gida.

Sarjan ya tashi, ya zagayo teburin a hankali. Na rufe ido. Da na buɗe sai na gan shi tsugune a gabanta. Ya tallafi haɓarta, ya ɗora babban yatsa a leɓen ƙasa, ya yi wani ɗan ƙyacci da harshe, irin wanda makiyaya ke yi wa ɗan raƙumi in suna son ya tsaya. Yarinyar ta san wannan sauti tun tana goye. Jin sa daga bakin mai kaki, sai dariya ta kuɓuce mata. Ga giɓi, ga manyan haƙora biyu.

Bai ce mana ɗan wane ne shi ba, ban kuma tambaya ba. Riƙon haɓar nan ya ishe ni.

Ya daɗe yana kallo. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. "Ta wuce bakwai ma. Rubuta."

Da ni ce, da na kama yarinya mun gudu kafin ya sake shawara. Amma mushe bai zauna ba. Ya nuna jikin katanga ya ce, "Sarjan, waɗancan fa?"

Sarjan ya dube shi, ya dubi katanga, ya dubi agogonsa. "Adadin da aji yake ɗauka, shi zai ɗauka, ba ƙari. Wanda bai yi famfara ba kada in ga sunansa. Ke mai baki, tunda kin iya, zo ki tsaya nan."

Haka na wuni ina buɗe bakin 'ya'yan mutane. Waɗanda suka yi famfara aka rubuta, 'yan daji da 'yan gari duka, don a cikin 'yan garin ma akwai irin 'yata. Waɗansu kuwa da gaske ba su kai ba, haƙoran nono reras, kuma ni ce na faɗa wa iyayensu da bakina. Wata ta tofa mini yawu a ƙafa, ban ga laifinta ba. Na bi waɗanda suka riga suka tafi da gudu, na samo uku. Sauran ban san inda suka shiga ba, har yau.

Da na koma gida labari ya riga ni. Maigidana yana zaure. Ya ce, "Tafinta kawai, ko?" Na durƙusa ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Tamu ma ta yi famfara a lokacin, ko ba haka ba?" Na ce ta yi. Ya ja rawani ya rufe fuskarsa. Shekara arba'in da wani abu muka yi tare, sau ɗaya ke nan na ga kafaɗunsa suna girgiza. Shi kaɗai ne ya san abin da nake ɗauke da shi, yanzu ga shi ya tafi ya bar ni da kayan. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da 'yarsa.

Mushe ya ci gaba da aiko mini duk ranar ɗaukar yara, har aka yi masa canjin wuri. Yakan ce an koya masa lissafi da Faransanci, amma ba a koya masa cewa ma'auni ɗaya yana iya cutar wanda ya fi buƙata ba. Ni abin da na gane shi ne, malami ma yana iya son gaskiya ya rasa ta inda zai kama ta, alhali tana hannun wata jahila a cikin layi da ke tsoron buɗe baki.

Yarinyar ta rayu. Ba ta yi nisa a karatu ba, amma tana karanta takardar likita da kanta. Tana aure a Tabelot, ta yi jikoki, kuma duk shekara in an cire albasa sai buhu ya iso ƙofata.

Ɗazu jikata ta ce in nuna mata yadda ake gwajin. Na ɗaga hannu, kafaɗa ta ƙi, ko tsakiyar kai bai wuce ba. Haƙoran ma duk sun zube. Muka yi ta dariya, na ce da yau ake ɗauka, da ta kowace hanya an koro ni. Sai na tuna da 'yata.

Faɗin yatsa biyu ne kawai. Kuma na san ta kai.